Abin da Ya Hana Ƙauyen Lacock Sauya Kama

A lardin Wiltshire da ke kudu maso yammacin Ingila, kimanin kilomita biyar kudu da garin Chippenham, akwai wani ƙauye mai suna Lacock. Titunansa huɗu ne, sun haɗu sun yi kusurwa huɗu, mai tafiya a ƙafa zai zagaye su cikin rabin sa'a ko da yana tsaye-tsaye. Gidajen na dutse ne da katako, yawancinsu ginin ƙarni na 14 zuwa na 18, wasu har sun karkata kamar za su jingina da na kusa da su. Ba wayoyin lantarki da ke ratsa sama, ba eriya a kan rufi. A gabas da ƙauyen, cikin makiyaya a bakin kogin Avon, ga wani katafaren gida mai hasumiya, wanda har yau ake kira da sunan gidan ibadar da ya gada, wato Lacock Abbey.

Baƙo yakan bar wurin da tunanin cewa mutanen Ingila masu ƙaunar tarihi ne, shi ya sa suka bar ƙauyen yadda kakanninsu suka bar musu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kaɗan ne. Ingilar nan ce ta rushe manyan gidajen karkara sama da dubu a ƙarni na 20 kaɗai, ta kuma shimfiɗa tituna da rukunin gidaje a kan tsofaffin ƙauyuka ba adadi. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tsare Lacock yana cikin takardun mallaka: tun 1232 ƙauyen yake a hannun mai shi guda ɗaya a kowane zamani, kuma kusan duk wanda ya riƙe shi ya bar tsohon gini ne don wani dalili nasa na kansa, wanda sau da yawa ba ruwansa da son tarihi.

Mace ce ta fara. Sunanta Ela, 'yar mai sarautar Salisbury. Mahaifinta ya rasu a 1196 tana yarinya ƙarama, ta gaji sarauta da filaye masu yawa, sai Sarki Richard na Ɗaya ya aurar da ita ga ɗan'uwansa William Longespée, ɗan da Sarki Henry na Biyu ya haifa ba ta hanyar aure ba. A wancan zamani yarinya mai gado irin wannan dukiya ce a hannun sarki, wanda ya ga dama yake ba wa. William ya rasu a 1226, kuma abin da aka saba shi ne a sake aurar da bazawarar ga wani na kusa da fada don dukiyar ta koma hannunsa. Ela ta ƙi. Ta riƙe filayenta, ta kuma riƙe muƙamin da mijinta ya bari na wakilin sarki a lardin Wiltshire, mai tara haraji da tsare doka, muƙamin da mata biyu kacal aka sani sun riƙe a Ingilar wancan zamani. A 1232 ta aza harsashin gidan zuhudu na mata a makiyayar Lacock, ta mallaka masa ƙauyen da gonakinsa. Bayan shekara shida ita ma ta shiga ciki, a 1240 ta zama shugabar gidan, a nan kuma ta rasu a 1261.

Daga nan ƙauyen ya zama na gidan ibada har shekara ɗari uku. Gidan ibada ba ya mutuwa balle a raba gadonsa, ba ya aurar da 'ya balle ya yanka mata gona. Matan suka nemo wa ƙauyen izinin cin kasuwa daga sarki, suka yi kiwon tumaki, manoma kuma suna biyan haya da hatsi da ulu da fatu. Rumbun da ake tara wannan kaya yana nan tsaye a bakin ƙauyen, ginin ƙarni na 14, mai daɓen ƙasa da manyan azarori lanƙwasassu da suka tashi daga bango suka haɗe a sama.

Sai zamanin Sarki Henry na Takwas, wanda ya ɓata da Paparoma a kan maganar sakin matarsa, ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila, sannan tsakanin 1536 da 1541 ya rufe gidajen zuhudu sama da 800 ya ƙwace dukiyarsu. Na Lacock ya miƙa wuya a farkon 1539, aka sallami matan da ke ciki, waɗanda ba su kai ashirin ba, da ɗan kuɗin fansho. Abin da ya sami yawancin irin waɗannan gidaje sananne ne. Akan yaye darmar rufi a narkar, a sayar da ƙararrawa, a bar bango ga ruwa da iska da maƙwabta masu neman dutsen gini. Shi ya sa yau kufai ne ake zuwa kallo a wurare irin su Fountains da Glastonbury.

Lacock ya tsira ne saboda halin wanda ya saye shi a 1540 a kan fam 783, wani bafade mai suna William Sharington. Mutumin nan ba waliyyi ba ne. Shi aka ba riƙon gidan buga kuɗi na Bristol, inda ya riƙa rage nauyin tsabar azurfa yana murɗe littattafan lissafi, yana kuma taimaka wa Thomas Seymour, kawun Sarki Edward na Shida, da kuɗi a makircinsa na neman mulki. A 1549 asiri ya tonu, aka kama shi. Ya ba da shaida a kan ubangidan nasa, aka fille kan Seymour, shi kuwa aka yafe masa, ya biya kuɗi ya karɓi filayensa. To amma ɓarawon nan yana da idon gini. Ya rushe cocin matan, ya kwashi duwatsun ya yi wasu gine-gine, sai dai da ya zo kan sauran gidan bai taɓa ƙasan ba. Ya ɗora gidansa a sama, inda matan suke kwana da cin abinci, ya bar ɗakunan ƙasa suka zama ɗakunan ajiya. Ta haka barandar nan mai rufin dutse da ta kewaye tsakar gida ta tsira, da ɗakin shawara, da ɗakin jin ɗumi, wanda a cikinsa har yau akwai wata ƙatuwar tukunyar tagulla da aka ƙera a Mechelen ta ƙasar Beljiyam a 1500. Ya ƙara hasumiya mai kusurwa takwas a gefe, inda ya yi ɗakin adana takardu da kayan daraja, ya kuma gina farfajiyar dawakai mai ɗakin gashin burodi da na dafa giya. A ganina lissafi ne ya sa shi. Ginin yana da ƙarfi, yana tsare gidan sama daga danshin bakin kogi, rushe shi kuma asara ce. Da wani mai tsananin kishin sabon addini ne ya sayi wurin, da wuya a ce ya bar ko tubali.

Sharington ya mutu a 1553 bai bar ɗa ba, gidan ya koma ga ƙanensa Henry, daga shi kuma ga 'yarsa Olive, wadda ta auri wani John Talbot. Akwai labarin da ake ba baƙi cewa mahaifinta ya hana auren, ita kuwa ta diro daga saman gini zuwa ga saurayin, iska ta cika mata siket ta sauko lafiya, shi ne ma ya suma da ta faɗo masa. Tatsuniyar gida ce, a ji a yi dariya. Abin da ya tabbata shi ne daga wannan aure sunan Talbot ya shigo, kuma gandun bai fita daga zuriyar ba sai 1944.

A nan ne mai karatu da ya saba da rabon gado irin na Musulunci zai tsaya ya yi tambaya. A wurinmu idan mai gida ya rasu, 'ya'ya maza da mata da matan aure kowa yana da kasonsa, kafin jikoki su girma gona ɗaya ta zama goma, babban gida an ja masa katanga a tsakiya ko an sayar an raba kuɗin. Manyan Ingila akasin haka suka yi. Babban ɗa namiji shi ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, ƙannensa maza su nemi aikin soja ko na coci ko lauya ko su tafi ƙasashen da aka mallaka, mata kuma a ba su kuɗin aure. Bayan haka lauyoyi sukan ɗaure gandun da yarjejeniya, ta yadda mai riƙe da shi zai ci amfaninsa iya rayuwarsa amma ba shi da ikon sayarwa. Idan aka rasa ɗa namiji sai a bi ta wajen mace, ɗanta ya ɗauki sunan gidan. Sau uku aka yi haka a Lacock: John Ivory ya zama Talbot, William Davenport ya zama Talbot, daga baya Matilda Gilchrist-Clark ita ma ta zama Talbot. Tsari ne mai tauye ƙanne da mata ƙwarai, kuma shi ne ya tara ƙasar Ingila a hannun 'yan tsiraru. Amma shi ɗin dai ya sa ba a taɓa wayar gari an ga magada ashirin kowa yana son rushe nasa ɓangaren titin ba.

Shi kansa ƙauyen ya yi zamanin arziki. A ƙarni na 14 da na 15 yammacin Ingila ya shahara da saƙar ulu, Lacock kuma yana kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa Bath da Bristol. Masaƙa da fatake suka gina gidajen da ake kallo yanzu, wasu da faffaɗan tagogi a sama don haske ya sauka a kan masaƙa. Masaukin da ake kira Sign of the Angel ginin ƙarni na 15 ne, ana kuma cewa gidan wani attajirin ulu ne tun asali. Kuɗin ulu ne ya faɗaɗa cocin ƙauyen, mai sunan Cyriac, wani yaro da aka kashe saboda addininsa a zamanin Rumawa. A cikin cocin kabarin Sharington yake, an ƙawata shi da sassaƙa kamar na mutumin kirki.

Daga baya komai ya janye. A ƙarni na 18 manyan kekunan doki suka koma bin hanyar Calne da Chippenham, suka bar hawan tudun Bowden mai wahala. Saƙa ta bar ɗakunan mutane ta koma masana'antu a garuruwa irin su Trowbridge da Melksham, daga baya Yorkshire ta kere su duka. Babban layin dogo na Landan zuwa Bristol, da aka kammala a 1841, ta Chippenham ya bi. Lacock ya koma ƙauyen 'yan ƙodagon gona, kuma a farkon ƙarni na 19 'yan ƙodagon Wiltshire suna cikin mafi ƙarancin lada a ƙasar, abin da ya sa lardin ya shiga boren 1830, lokacin da leburori suka riƙa farfasa injinan sussuka da suka raba su da aikin hunturu. Wanda bai ƙoshi ba ba ya rushe gida ya yi sabo, sai dai ya toshe inda ke yoyo. Wani ɓangare mai yawa na kyan da ake ɗauka a hoto yau, talaucin wancan lokaci ne ya adana shi. Shaidunsa suna nan ga mai son gani: tsohon gidan gajiyayyu da ke kusa da majema a bayan coci, da wani ɗan gadurum na dutse marar taga a jikin rumbun nan, inda ake kulle wanda ya yi tatul ya kwana kafin a kai shi gaban alƙali.

Kada kuma a ɗauka mallakar mutum ɗaya kullum alheri ce ga ƙauye. Ikon da ya tsare Lacock shi ne ya share wasu. A Dorset, Joseph Damer ya ga garin Middleton yana tare masa kallo daga sabon gidansa, sai ya bi shi da rushewa daga shekarun 1770, ya mayar da mutanen wani kwari inda ya jera musu gidaje iri ɗaya, wurin da yanzu ake kira Milton Abbas. A Derbyshire, mai gandun Chatsworth ya tayar da yawancin ƙauyen Edensor wajen 1838 zuwa 1842 ya sake gina shi inda ba zai gan shi ta taga ba. Duka biyun yau wuraren yawon buɗe ido ne, ana yaba kyansu. Mutanen Lacock sa'a suka yi, domin iyayen gidansu ba su taɓa yin kuɗin da zai kai su ga irin wannan tunani ba. Babban aikin da suka iya shi ne na John Ivory Talbot, wanda a 1754 zuwa 1755 ya sa wani mai tsara gini, Sanderson Miller, ya sake gina zauren shiga, aka yi shi da gangan ya yi kama da ginin zamanin da. Wato tun a lokacin an fara ƙera tsufa. A bangon zauren akwai gumakan yumɓu cikin alkuki, ɗaya da akuya a gefensa, a kan hancin akuyar kuma akwai ƙwayar sukari. Wani ɗalibi Ba'amurke ne ya ɗora ta da wasa a 1919, uwar gidan ta ji daɗin abin, tun daga nan ake sabunta ta.

Wanda ya kai sunan Lacock duniya shi ne William Henry Fox Talbot, da aka haifa a 1800. Yana ɗan wata biyar mahaifinsa ya rasu ya bar masa gandun da bashi ya yi wa katutu, har sai da aka ba da gidan haya shekaru da dama, bai tare a ciki ba sai 1827. Masanin lissafi ne, yana taɓa ilimin sinadarai da na tsirrai, ya wakilci Chippenham a majalisa, daga baya ma yana cikin mutum huɗu da a 1857 aka gwada su a kan karanta rubutun Assuriyawa na kan laka, fassararsu ta zo kusan ɗaya. Abu guda ne ya gagare shi, zane. A 1833 yana hutu da amaryarsa Constance a bakin tafkin Como na Italiya, yana ta fama da wata na'urar gilashi da ke taimaka wa mai zane, abin da ya fito a takardarsa bai yi kyan gani ba. Nan tunani ya zo masa: me zai hana a sa hasken da kansa ya bar hoton a kan takarda?

Da ya dawo gida sai ya shiga gwaji. Yakan jiƙa takardar rubutu a ruwan gishiri marar ƙarfi, ta bushe, ya shafa mata ruwan sinadarin azurfa, wanda ke yin baƙi idan haske ya taɓa shi. Da farko ganye da leshi yake ɗorawa a kai ya shanya a rana. Sannan ya sa aka yi masa 'yan ƙananan akwatunan katako masu gilashi a gaba, ya riƙa ajiye su nan da can a cikin gida da lambu, matarsa tana ce musu tarkon ɓera. A watan Agusta na 1835 ya saita ɗaya daga cikinsu ga wata taga mai ƙananan gilasai a barandar kudu ta gidan. Abin da ya fito bai fi kan sarki girma ba, kuma a juye yake, inda ke da haske ya yi baƙi, inda ke da duhu ya yi fari. Ya rubuta a gefensa cewa lokacin da aka yi shi ana iya ƙirga gilasan tagar, kimanin 200, da madubin ƙara girma. Wannan 'yar takarda, wadda yanzu take gidan tarihi a Bradford, ita ake ɗauka a matsayin nagetif mafi tsufa da ya rage a duniya. Tagar kuwa tana nan inda take.

Juyewar nan da ta yi kama da aibi ita ce ta zama riba. A Janairun 1839 aka sanar a Faransa cewa Louis Daguerre ya gano hanyar ɗaukar hoto a kan farantin ƙarfe, hotunansa kuma sun fi na Talbot fitowa tas nesa ba kusa ba. Amma na Daguerre ɗaya tilo ne, ba a iya wanke wani daga gare shi. Na Talbot kuwa, ka ɗora nagetif a kan wata takardar ka sa a rana, sai ka sami hoto daidai, ka kuma maimaita sau nawa ka ga dama. A 1840 ya gano cewa ba sai an jira hoto ya bayyana a cikin akwati ba, ɗan haske kaɗan ya isa, sinadari zai fito da sauran, abin da ya rage jiran daga kusan sa'a zuwa minti ɗaya ko biyu. Duk wanda ya taɓa kai fim wanki wurin mai hoto kafin zuwan wayar hannu, kan wannan hanya ya bi. Tsakanin 1844 da 1846 ya fitar da The Pencil of Nature, littafi na farko mai hotunan kyamara da aka buga don sayarwa, da hotuna 24, da dama daga cikinsu na Lacock ne: tsintsiya jingine a bakin ƙofa, tarin ciyawa da tsani, hasumiyar Sharington. Ya ɓata wa mutane rai da yadda ya ƙanƙame haƙƙin mallakar fasahar yana kai masu hoto kotu, har ya sha kaye a wata shari'a a 1854. Ya rasu a 1877, an binne shi a maƙabartar ƙauyen.

A daidai shekarun rasuwarsa ne ƙasa ta fara zame wa masu gandu. Alkama mai araha ta riƙa kwararowa daga Amurka, farashi ya faɗi, manoma suka kasa biyan haya. A 1894 gwamnati ta kawo harajin gado, wanda mafi yawansa a lokacin kashi 8 ne cikin ɗari. Zuwa 1919 ya kai kashi 40, a 1949 ya kai 80. Ga yaƙin duniya na farko ya cinye magada da ma'aikata. Gidan da aka yi rashi biyu a jere, sai a sayar da gonaki, a bi da zane-zanen bango, daga ƙarshe a kira masu rusau.

Matilda ta gaji Lacock a 1916 daga kawunta Charles, ba ta ma san ita zai bar wa ba. Kafin nan koyar da girki take yi. Ba ta yi aure ba, kuɗi kuma babu. Ta sayar da wasu zane-zane ta gyara gidajen 'yan haya, ta shirya gagarumin wasan tarihi a 1932 na cikar gidan shekara 700 inda ta fito a matsayin Ela, lokacin yaƙi na biyu kuma ta sauki yaran da aka kwaso daga Landan. Ta san abin da zai biyo bayan mutuwarta: haraji zai tilasta a sayar da ƙauyen gida-gida, masu kuɗi daga birni su saye, waɗanda kakanninsu suka zauna a ciki su tashi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A 1944 ta ɗauki gidan da kusan dukkan ƙauyen ta ba ƙungiyar National Trust kyauta, ta ci gaba da zama a ciki har rasuwarta a 1958. Ta kuma ba ƙasa wata takarda da ta shekara ɗari bakwai a gidan, kwafin Magna Carta (yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila) na 1225, ɗaya daga huɗu da suka rage, wanda yanzu yake babban ɗakin karatu na Birtaniya.

Ita wannan ƙungiya ba ta gwamnati ba ce. Mutum uku ne suka kafa ta a 1895, Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley, yau kuma mambobinta masu biyan kuɗin shekara sun haura miliyan biyar. Ƙarfinta yana cikin dokoki biyu. Ta 1907 ta ba ta ikon ayyana abin da ta mallaka a matsayin wanda ba a sayarwa ba a jinginarwa, ko gwamnati ba ta karɓe shi da ƙarfi sai an bi ta majalisa, wato waƙafi ne a aikace. Ta 1937 kuma ta buɗe ƙofa ga masu manyan gidaje su miƙa su tare da dukiyar da za ta riƙe su, a yafe harajin, iyali su ci gaba da zama a matsayin 'yan haya, da sharaɗin a bar jama'a su shiga kallo. Masu suka sun ce dabara ce ta ceto manya da kuɗin talakawa, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai a Lacock abin da aka ceto ya haɗa da gidan kafinta da na mai burodi.

Yau ƙungiyar ce uwar gida. Ita ke ba da hayar yawancin gidajen, tana fifita masu asali a ƙauyen, shi ya sa har yanzu akwai makarantar firamare da yara a ciki, ba kamar kyawawan ƙauyuka da dama na kudancin Ingila ba, inda attajiran Landan suka saye gidaje suna zuwa ƙarshen mako kawai. Amma zaman yana da farashi. Ɗan haya ba zai taɓa mallakar gidan da aka haife shi a ciki ba. Ba zai sauya taga ko launin ƙofa yadda ya so ba, ko da sanyi na shigowa ta tsohon katako. Da rani baƙi sukan cika titunan, wasu har su leƙa ta taga su ga mutum yana cin abinci. Masu shirya fim ma sun gano wurin, tunda da an kawar da motoci an zuba ƙasa a kan kwalta an koma shekara ɗari biyu baya. An ɗauki sassan finafinan Harry Potter a barandar matan zuhudun, kuma da yawan matasan da ke zuwa yanzu wannan ne ya kawo su, ba su taɓa jin sunan Ela ba. Kuɗin da ake samu daga wannan yana shiga gyaran rufi, mazauna kuma su haƙura da rufe musu titi.

Abu ɗaya da kyautar Matilda ba ta haɗa da shi ba shi ne cocin, domin ba nata ba ne. Cocin ya taɓa mallakar wani kofin azurfa mai murfi, ƙirar ƙarni na 15, wanda aka yi don shagalin manya daga baya ya koma na ibada, kuma irinsa kaɗan ne suka tsira daga narkarwa. Tsadarsa ta sa ba a iya ajiye shi a ƙauyen, daga shekarun 1960 ya yi zaman aro a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Da gyaran ginin ya fi ƙarfin 'yan cocin sai suka yanke shawarar sayar da shi. Wani daga cikin mutanen ƙauyen ya ƙi yarda, magana ta kai kotun coci, kotu ta ba da izini. A 2013 gidan tarihin Birtaniya da na Wiltshire da ke Devizes suka haɗa kuɗi suka saye shi a kan fam miliyan 1.3, aka zuba kuɗin a asusun kula da ginin cocin.